An Ɗaura Giya, Saura Aiki

Ranar da aka gama ɗaura giyabos, murna ake yi a gareji. An sauke mota daga kan jak, makanike ya shiga ya murza makulli, ya taka kuloci, ya jefa lamba ɗaya, sai ga ta tana tafiya da ƙafarta. Yaran gareji na goge hannu da tsumma, mai mota na laluben aljihu zai ba da cikon kuɗin aiki. Motar da aka jawo da igiya kwana uku da suka wuce, otomatik ɗinta ya ƙone, yau ga ta da feda uku. A ganin mafi yawan masu mota, magana ta ƙare ke nan.

Tsofaffin hannu a sana'ar sun san da sauran rina a kaba. Ɗaura giyabos aikin ƙarfi ne, ƙarti uku da jak za su gama shi a yini guda. Abin da ke raba motar da za ta yi shekaru lafiya da wadda za ta riƙa komawa gareji duk mako shi ne 'yan ƙananan ayyukan da ke biyo baya: waya biyu a ƙarƙashin bonet, noti ɗaya a bayan feda, mai lita biyu, robar da ke rufe ramin sandar giya. Ido ba ya ganinsu, shi ya sa ake tsallake su. A cikinsu kuwa akwai wanda ke iya cin rai.

Ba abin mamaki ba ne da wannan aiki ya yawaita a garejojin Kano, Kaduna, Sakkwato da Maiduguri. Kaso mai tsoka na motocin hannu da ke shigowa ta Legas da Kwatano daga Amurka suke, Amurkawa kuwa sun daɗe da yin sallama da kuloci. Alƙaluman hukumar kare muhalli ta ƙasar sun nuna cewa a 1980 kusan kashi 35 cikin ɗari na sababbin motocinsu manuwal ne, a 'yan shekarun nan kuwa ba su kai kashi 2 ba. Sai waɗannan motoci suka faɗo hannun mutanen da suka tashi a kan Peugeot. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, bai ajiye ƙirar 504 ba sai 2006, kuma a tsakanin nan an yaye makanikai masu ɗimbin yawa waɗanda za su kwance kuloci su mayar ko da cikin duhu ne.

Saboda haka idan otomatik ya fara santsi, yana jinkirin kama giya, mansa ya yi baƙi yana warin ƙuna, mai mota yana tsakanin abu biyu. Ko ya je kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka ya sayo wani na Beljiyam, wanda ba mai iya rantse masa kwana nawa suka rage masa, ko ya mayar da ita manuwal ya huta. Direban haya da ke lodin mutane da buhuna cikin zafin bazara ba ya dogon tunani. Ya san ko a wane ƙauye ta tsaya zai samu wanda ya san kuloci, in batir ya mutu kuma a tura ta tashi. Wannan lissafi ba laifi a cikinsa, musamman a mota irin Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008, wadda kamfani ya yi ta iri biyu, kayan manuwal ɗinta kuma suna nan a kasuwa. Inda abin ke komawa haɗe-haɗe shi ne mota irin Sienna, wadda Toyota bai taɓa fitar da ita da kuloci ba. A nan komai ƙirƙirar makanike ne, kula kuma sai an ninka.

Abu mafi haɗari a duk aikin waya biyu ne. Motar otomatik ba ta tashi sai sandar giya na kan P ko N, domin akwai wani makunni a jikin giyabos, suwic a bakin masu riwaya, wanda ke yanke wutar kik muddin mota na cikin giya. Da aka sauke otomatik suwic ɗin ya tafi da shi, sai a murza makulli a ji shiru. Hanya mafi sauƙi, wadda mai riwaya zai gama kafin shayinsa ya huce, ita ce ya lalubo wayoyin nan biyu a soket, ya ɓare bakinsu, ya murɗe su wuri ɗaya, ya naɗe da baƙin tef. Mota ta tashi, kowa ya ji daɗi.

Daga wannan rana za ta riƙa tashi a kowace giya, an taka kuloci ko ba a taka ba. Direban manuwal kuwa al'adarsa ce ya bar mota a lamba ɗaya idan ya ajiye ta. Da safe maigida ya miƙa wa ɗansa makulli ya ce ya ɗumama masa ita. Yaron ya saba da ita tun tana otomatik, sai ya zura hannu ta taga ya murza, ko zama bai yi ba. Kik shi kaɗai yana da ƙarfin ingiza mota gaba, injin mai lafiya kuma yana iya kamawa nan take ta ci gaba da tafiya ba kowa a ciki. Abin da ke gabanta a tsakar gida, bango ne ko akuya ko jariri mai rarrafe, shi za ta haye. Direbobin 504 na da can ba su da wannan suwic, amma tun ranar farko aka koya musu girgiza sanda su tabbatar tana firi kafin su taɓa makulli. Iyalin da suka yi shekara biyar da otomatik ba wanda ya koya musu haka.

Gyaran ba shi da tsada. Motocin manuwal na Amurka suna zuwa da ɗan suwic a jikin ƙarfen da ke riƙe fedar kuloci, wanda ba ya haɗa wuta sai an taka ta har ƙasa. Idan za a sayo fedar a sayo ta da suwic ɗinta, a bi da wayoyin nan ta kansa. Wasu direbobi na cewa suna son su iya janye mota da kik idan ta mutu a tsakiyar titi, kuma hujjarsu tana da ƙarfi, har Toyota ya sa maɓalli na musamman don haka a wasu motocinsa na shiga daji. Mai son wannan ya sa a yi masa maɓallin daban, wanda sai an danna shi da gangan. Motar da ke da na'urar riƙe gudu ita kaɗai a kan doguwar hanya tana buƙatar wani suwic ɗin a saman feda, wanda zai kashe na'urar da zarar an taɓa kuloci, in ba haka ba injin zai yi ta ihu ba kaya a kansa. Akwai kuma makullin da ke ƙin fita daga gidansa bayan aikin, domin an ƙera shi kada ya fita sai a P. Shi ma sai an warware masa wannan ɗauri.

Tafiyar P ta bar wani giɓin. A otomatik, wata 'yar ƙugiya ce a cikin giyabos ke kulle tayoyi, shi ya sa motoci da yawa ke yin shekaru ba a ja birkin hannunsu ba, wayarsa ta yi tsatsa ta ƙage. Yanzu birkin hannun ne zai riƙe mota a gangare, shi ne kuma zai taimaki direba ya tashi a kan gadar sama cikin cunkoso ba tare da ya koma kan na bayansa ba. A Corolla, idan an ja shi ya kamata ya kama tsakanin ƙas-ƙas 6 zuwa 9. Wanda ya tafi har sama bai kama ba, sunansa kawai birki. Camry ƙirar 2007 zuwa 2011 mai otomatik kuwa birkin ajiyarta na ƙafa ne, yana zaune a gefen hagu inda fedar kuloci za ta shiga. Wasu sukan cire shi su jefar, su sallami mota haka nan. Abin da ya dace shi ne a sayo na hannu da wayoyinsa daga irinta manuwal a ɗaura.

Ita kanta fedar akwai tarko wajen sayenta. Tun 2 ga Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motocinta sitiyarinsu na hagu. Kayan gyara da yawa kuwa daga motocin Ingila da Japan aka ciro su, masu sitiyari a dama. Giyabos ɗin yana iya zama daidai, amma feda da famfon kuloci na sama da bututunsa ba lalle su zauna ba, sai an lanƙwasa, an yanka, an yi walda. Gara a sha wahalar nemo na hannun hagu. Fedar birkin otomatik kuma faffaɗa ce. In an bar ta, ƙafar hagu za ta riƙa kwasar gefenta duk lokacin da ta nufi kuloci, mota ta yi turjiya a inda ba a zata ba. Wajen da aka huda don ɗaura famfon sama shi ma abin dubawa ne, domin ƙarfen wurin siriri ne. Idan ana taka feda ana ganin famfon na motsi, wurin zai tsage a hankali, sai an ƙara masa faranti mai kauri ta baya.

Duk wanda ya taɓa zama a gareji ya ga yadda ake fitar da iska daga kuloci. An sa ƙaramin yaro a kujerar direba, ƙafarsa da ƙyar take kai wa ƙasa. Oga na kwance a kan kwali a ƙarƙashin mota da 'yar sifana a hannu, wani yaron na tsaye da kwalbar man birki yana kallon ƙoƙon da ke sama kada ya ƙafe.

"Taka! Taka! Riƙe!"

"Na riƙe, Oga."

Oga ya sassauta 'yar ƙusar da ke jikin famfon ƙasa, mai ya feso da kumfa yana tsartuwa, feda ta nutse, ya ɗaure kafin ya ce a saki. Haka za a yi ta maimaitawa har man ya riƙa fitowa garau ba ƙwayar kumfa. Dalilin wannan wahala shi ne mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Muddin akwai iska a bututu, rabin takun direba a kanta yake ƙarewa, faifan kuloci ba zai rabu da injin sosai ba. Idan yaron sama ya shagala ƙoƙo ya ƙafe, iska ta sake shiga, an koma farko. Man da ake zubawa na birki ne, DOT 3 ko DOT 4, daga kwalbar da ba a daɗe da buɗewa ba, domin yana shan danshin iska. Ɗigon man injin ko na sitiyari a ciki zai kumbura robobin famfo duka biyu.

Mai mota na iya gane sakamakon da kansa. Injin na aiki, ya taka kuloci har ƙasa, ya ƙirga uku, ya sa ribas. A yawancin giyabos ribas ba shi da zoben da ke daidaita gudun haƙora, saboda haka ba ya rufa wa kowa asiri. Idan ya shiga da ƙarar gurzar ƙarfe, kuloci bai gama saki ba, kuma kowane canjin giya yana cin zoben tagulla da ke ciki.

Bayan iska sai saiti. A bayan feda akwai 'yar sanda mai zare da noti, ita ke tura famfon sama. Littattafan gyaran Toyota da yawa sun ce feda ta yi wasan banza na milimita 5 zuwa 15 kafin a ji ta fara aiki, kuma wurin da kuloci ke kamawa ya kasance aƙalla milimita 25 daga ƙasa. Abin da ke faruwa shi ne makanike ya ga giya na wuyar shiga, maimakon ya sake fitar da iska sai ya tsawaita sandar har wasan ya ɓace. Nan take giya ta yi laushi, mai mota ya yaba. Amma a cikin famfon akwai wani ɗan rami kamar na allura wanda mai ke bi ya koma ƙoƙo idan an saki feda, kuma doguwar sanda ta toshe shi. Da safe mota lafiya lau. Da rana ta take, an kama hanyar Zariya, mai ya ɗumama ya kumbura ba shi da mafita, sai ya riƙa danne kuloci kamar akwai ƙafa a kai. A ba ta wuta injin ya yi kuka, gudu bai ƙaru ba, wari ya cika mota. Sabon faifai ya ƙone cikin 'yan makonni, a ɗora laifi a kan mai shagon da ya sayar da shi, alhali zagaye biyu na noti ne sanadi.

Motocin yanzu suna da ƙwaƙwalwa, birenbos a bakin 'yan gareji, kuma ita ba wanda ya gaya mata an yi canji. Tana nan tana aika saƙo ga giyabos ɗin da ke kwance a bayan shago, ba ta samun amsa, sai ta kunna fitilar gargaɗin injin a dashbod. Tun daga 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da soket da ake jona kwamfuta a karanta damuwarta, kuma bayan irin wannan aiki lambobi kamar P0705, P0750 da P0500 ne ke fitowa: ba ta san inda sanda take ba, ba ta jin masu canja mata giya, ba ta ganin gudu. Maganin da ya zama ruwan dare shi ne a kwance dashbod a cire ƙwan fitilar, ko a liƙe shi da tef. Wannan cuta ce ga mai mota. Ranar da filogi ya daina wuta ko wata na'urar injin ta mutu, fitilar da za ta faɗa masa an riga an makantar da ita.

Ba fitila kaɗai ba ce. Birenbos na daidaita silo ne gwargwadon ko mota na cikin giya ko tana firi. Wadda aka ruɗa takan sa injin ya riƙa hawa da sauka shi kaɗai, ko ya mutu daidai lokacin da aka taka kuloci za a tsaya a mahaɗa, inda sitiyari ke yin nauyi ana tsakiyar shan kwana. Mafita ita ce birenbos na manuwal, na injin iri ɗaya, shekara ɗaya, kasuwa ɗaya, domin na Turai ba lalle ya fahimci na'urorin da ke jikin injin Amurka ba. In motar mai makulli ce da ke ɗauke da ƙwayar tsaro, sabon birenbos ba zai san tsohon makulli ba. Ko a sayo su tare, ko a nemi mai kwamfuta ya haɗa su. Wannan kuɗi ne da ya kamata ya shiga lissafi tun ranar ciniki.

Agogon gudu a 504 waya ce ke juya shi daga giyabos. A na baya-bayan nan na'ura ce a jikin giyabos ke aika masa saƙo, a wasu kuma daga na'urorin birkin ABS yake karɓa, irin waɗannan canjin giyabos ba ya taɓa su. Idan allura ta kwanta ba ta motsi kowa zai gani. Wadda ta fi wuyar ganewa ita ce mai motsi tana ƙarya, ta nuna 90 alhali mota na kan 105, saboda haƙoran da ke juya na'urar ba adadinsu ɗaya da na da ba. Gwajin ba ya cin ko sisi: wani ya zauna a gefe da wayar salula mai nuna gudu, a kwatanta a kan miƙaƙƙiyar hanya. Dokar hanya ta Nijeriya ta tsayar da kilomita 100 a sa'a ga motar gida a kan babban titi mai hannu biyu, 90 ga tasi da bas, kuma tun Fabrairun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Direban da agogonsa ke ƙarya bai san matsayinsa ba, bai kuma san ranar juye baƙin mai ba, tunda ƙirgen kilomita ma ya karkace.

Fitilar ribas waya biyu ce kawai da za a kai wa suwic ɗin da ke jikin sabon giyabos, amma sau da yawa sai dare ya yi ake tunawa da ita. Akwai kuma wata kitsattsiyar waya mai kauri da ke haɗa giyabos da jikin mota, wadda wutar kik ke bi ta koma batir. Idan an manta ba a mayar da ita ba, wutar za ta nemi hanya ta wayoyin sandar giya ko ƙananan wayoyin injin, ta gasa su.

A ƙarƙashin mota, magana ta farko mai ce. Giyabos na Beljiyam ya yi watanni a kwantena, ya yi wasu a ƙasa a kasuwa, rana da ruwa duk a kansa. Wani a bushe yake zuwa, wani da guntun tsohon mai da ya gauraya da ruwa. A fara kwance ƙusar zubawa kafin ta juyewa, don kada a juye a tarar ta sama ta ƙi buɗuwa. Na Corolla lita 1.9 yake sha na mai lamba 75W-90, ana zubawa har ya fara dawowa ta ramin. Amma ba kowane giyabos ke cin abinci ɗaya ba. Wasu kamfanoni sun ce GL-4 kawai, domin sinadarin da ke cikin wasu mayukan GL-5 ba ya jituwa da zoben tagulla. Honda na da nasa man na musamman, tsofaffin Mercedes manuwal kuwa jan man otomatik suke sha. Abin da ba shi da gurbi a ƙaramar mota shi ne kakkauran mai lamba 140 na manyan motoci, wanda ake aunawa a galan a bakin titi. Ana son sa don yana rufe kukan giyabos, amma da sanyin hunturu ya sauko lamba biyu ba za ta shiga ba sai an yi kokawa da ita. Bayan 'yan makonni a sake juyewa a duba maganaɗisun da ke kan ƙusar. Laushin gari kamar kwalli ba komai ba ne, ɓarɓashin ƙarfe kuwa labari ne marar daɗi, gara a ji shi tun mai kaya bai manta fuskar mai saye ba.

Shaf ɗin otomatik da na manuwal sukan bambanta a tsawo ko a yawan haƙora. Gajere yana iya zarewa idan taya ta faɗa rami an karya sitiyari, dogo kuma yana dukan cikin giyabos. A motocin da ke ja da baya, irin Hilux da Hiace da Mercedes, farfela ce ke canja tsawo. Wadda aka yanke aka yi wa walda da ido za ta sa mota rawa da an ɗauki gudu, ta cinye boris da robar bakin giyabos. Haka injin sit: in an cusa wanda ba nasa ba, ko an toshe da guntun taya, injin zai zauna a karkace, kowane tashi sai an ji gif. Tunda an kwance ƙafafun gaba, alaimen wajibi ne. Bakunan bututu biyu da man otomatik ke bi a gindin lagireto a toshe su, a mayar da murfin da ke rufe gindin gidan kuloci don yashi kada ya shiga, a kuma nisanta wayoyin sandar giya da salansa. Idan sanda na lilo, ko ana neman lamba uku ana faɗawa biyar, 'yan robobin bakin wayoyin ne suka cinye ko saitinsu ya kauce. Robar da ke rufe ramin sanda kuwa ba ado ba ce. A motar da aka huda ƙasanta, ta wannan rami ƙura da zafi ke shigowa, har da hayaƙin salansa wanda ke sa direba ciwon kai da gyangyaɗi a doguwar tafiya.

Akwai abubuwan da in an rufe ba a sake ganinsu sai an sauke giyabos, don haka ya kyautu mai mota ya tsaya a kansu. Ƙusoshin da ke riƙe babban faifan ƙarfe na bayan injin sun fi na otomatik tsawo, kuma da sifana mai awo ake ɗaure su. Robar da ke tare baƙin mai a bayan faifan a canja ta tun ana ganinta, domin ɗigonta kaɗan ya isa ya lalata sabon kuloci. A Peugeot 406, na'urar da ke gaya wa birenbos lokacin ba da wuta haƙoran wannan faifai take ƙirgawa, in an sa wanda ba nasa ba mota ba za ta tashi ba ko an kwana ana murzawa.

Sabon kuloci na son lallashi. Masu ƙera shi sukan ba da shawarar kimanin kilomita 800 na tuƙin cikin gari, ba fizga, ba lodi mai nauyi, kafin fuskokinsa su zauna da juna. Wannan yana da wuya ga direban da ya ci bashi ya yi aikin, yana son ya ɗauki lodi washegari, amma sake sauke giyabos ya fi hutun mako biyu tsada. Ƙafar hagu ta koyi sauka daga feda da an gama canji, a daina riƙe mota da rabin kuloci a gangare. Bayan mako guda a koma gareji a bi ƙusoshi a sake ɗaurewa, a duba ɗigo, a sake auna wasan feda. In ranar sayarwa ta zo kuma, amana ce a gaya wa mai saye cewa motar mayarwa aka yi.

Makanikai da yawa sun san duk waɗannan, abin da ke hana su shi ne ciniki. Mai mota ya matse kuɗin aiki har ba abin da ya rage wa mai riwaya, yana kuma tsaye yana cewa yau yake son motarsa. Gara tun farko a yi magana a fili: kuɗin birenbos, na suwic, na birkin hannu da na alaimen duk a sa su a lissafi, a kuma amince cewa cikon kuɗi sai bayan gwaji. Kafin mai mota ya miƙa cikon nan, ya sa a kai ta fili inda ba kowa a gabanta, ya zauna a ciki, ya ja birkin hannu, ya taka birki da ƙafar dama, ya sa lamba ɗaya, ya bar kuloci bai taka ba, sannan ya murza makulli. Idan ya ji shiru, an yi aiki. Idan ta zabura, ya mayar da kuɗinsa aljihu ya ce a kira mai riwaya.